Motar da ke kashe kanta a danja: a auna kafin a sayi batir

Tun da motocin Kwatano masu kashe injinsu a danja suka yawaita a titunanmu, ake ta cewa ciwo ne, a cire shi a huta. Ba ciwo ba ne. An yi tsarin ne don rage shan mai, kuma Volkswagen da Fiat sun sa shi a wasu motocinsu tun 1983.

Inda rigimar take shi ne lokacin da direba ya ɗaga ƙafa daga birki, injin ya sake tashi. Sitata tana zuƙar wuta da yawa, sai ƙarfin batir ya faɗo daga volt 12 da 'yan kai zuwa wajen 10, kamar yadda ƙwan lantarki ke dusashewa in an kunna injin tura ruwa a kan ƙaramin janareta. Don kada rediyo da allon mota su ɗauke a wannan ƙiftawar ido, aka sa musu mai tallafi. A Mercedes da yawa ƙaramin batir ne na biyu, a Peugeot masu e-HDi kafasita ce, a wasu kuma ɗan akwati ne mai riƙe wutar kada ta sauka.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, da allo ya ɗauke ko fitilar gargaɗi ta kunnu, sai mai rewaya ya cire batirin motar na musamman, AGM ko EFB, ya ɗora na gama-gari, ba tare da ya ɗora mita ba. Batirin gama-gari ba a yi shi don yawan tayarwa irin wannan ba, ga kuma zafin ƙasarmu. 'Yan watanni ya zube, mai mota ya sake biya.

Batir lafiyayye da ya huta yana nuna wajen volt 12.6. In ya nuna haka, a auna shi yayin tayarwa, sannan a auna wutar da ke fita daga mai tallafin. A duba fis ɗinsa, da wayar da ke haɗa batir da jikin mota, da 'yar na'urar da ke manne a kan batir ta ɓangaren negatif, wadda sau da yawa ake barin filoginta a cire. Motoci irin su BMW kuwa sai an sanar da kwamfutarsu cewa an sa sabon batir, in ba haka ba ta ci gaba da cajinsa kamar tsoho.

Wani lokaci ma lafiya lau motar take: in iyakwandishan na aiki da ƙarfi ko injin bai yi zafi ba, da gangan take ƙin kashe kanta.

Don haka mai mota, kafin ka zaro kuɗin batir, ka ce a ɗora mita a gabanka ka ga lambar da idonka.