Me Ke Hana Matar Da Ake Duka Barin Gidan Miji?

Daga Wakilinmu na Arewa, Abuja

Ran 28 ga Afrilu, 2025, Babbar Kotun Birnin Tarayya a Abuja, a ƙarƙashin Mai Shari'a Njideka Nwosu-Iheme, ta yanke wa Peter Nwachukwu hukuncin kisa ta hanyar rataya, bayan ta same shi da laifin mutuwar matarsa. Matar ita ce Osinachi Nwachukwu, shahararriyar mawaƙiyar coci wadda waƙar "Ekwueme" ta fito da sunanta. Ta rasu a Abuja ran 8 ga Afrilu, 2022, ta bar 'ya'ya huɗu.

An gurfanar da mijin bisa tuhuma 23, ya kuma musanta su duka. Masu gabatar da ƙara sun kawo shaidu 17, har da biyu daga cikin 'ya'yansu. 'Yan'uwanta da abokan waƙarta sun ce ta shekara da shekaru tana shan duka, kuma an sha ba ta shawarar ta fita, amma ta ƙi, tana sa ran Allah zai shirye shi.

Tun daga lokacin jama'a ke tambaya: mace mai suna, mai sana'a, me ya zaunar da ita? Wannan tambaya ta shafe mu, domin a Agege, da Idi-Araba, da Sabon Badun, akwai ɗakunan da ake jin kuka da dare, gari ya waye a ga matar tana shara kamar ba a yi ba.

Abin ba kaɗan ba ne. Binciken lafiya da yawan jama'a da aka yi a Nijeriya cikin 2018 ya nuna kashi 36 cikin 100 na matan da suka taɓa aure sun sha duka, ko wulaƙanci, ko tilastawa a shimfiɗa daga mazansu. Fiye da rabin waɗanda aka ci zarafinsu kuwa ba su taɓa neman taimako ba.

Yadda Igiyar Ke Ƙulluwa

Cikin 1979 wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, Lenore Walker, ta bayyana cewa irin wannan zama zagaye yake yi. Da farko gida ya yi zafi, matar tana taka-tsantsan da kowace kalma. Sai duka ya biyo baya. Daga nan sai lallashi: ga atamfa, ga tsire, ga rantsuwar ba za a ƙara ba. Bayan 'yan makonni a koma gidan jiya.

Cikin 1981 wasu masana biyu a Kanada, Donald Dutton da Susan Painter, suka ƙara haske. Sun nuna abu biyu ne ke ƙulla wannan shaƙuwa. Na ɗaya, ƙarfi duk yana hannun mutum guda: shi ke da kuɗi, shi ke ba da izinin fita, shi ke zaɓar wanda za a gaisa da shi. Na biyu, muguntar ba kullum ba ce, tana zuwa ne a cakuɗe da alheri. Da kullum duka ne, da zuciya ta yanke ƙauna tuntuni. Amma wanda ya sa ta kuka shi ne kuma ke share mata hawaye, saboda haka sauƙin da take ji in ya sauko sai ta ɗauke shi soyayya ce. Haka ɗan caca yake: cin da yake yi jefi-jefi shi ke hana shi tashi.

Cikin 1993 masanan nan suka bibiyi mata 75 da suka bar mazansu, suka tarar bayan wata shida da yawansu zuciyarsu ba ta rabu da mazan ba. Watau macen da ta fita ta koma ba wauta ke damunta ba, ba kuma lalle sammu ba ne kamar yadda akan ce.

Nauyin Da Ke Kan Ta Kurmi

A gida Arewa mace tana da yaji. Ta tafi gidan iyaye, miji ya zo biko, manya su ja masa kunne. To, wadda aka kai Ikko ko Fatakwal fa? Gidan ubanta tafiyar yini da kwana ce, kuɗin mota kuma a aljihun mai dukan yake. Ga tsoron a raba ta da 'ya'ya, ga gorin zawarci, ga uwa da ke cewa a waya, "Ki yi haƙuri, 'yar nan, aure ibada ne." Gaskiya ne harshe da haƙori ma sukan saɓa, amma saɓani dabam, karya haƙarƙari dabam.

Bugu da ƙari, bincike a ƙasashe da dama ya nuna lokacin da mace ke shirin fita, ko ta fita ba da daɗewa ba, yana cikin lokatai mafi haɗari ga ranta. Tsoronta yana da dalili.

Ina Mafita?

Cikin Mayu 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu kan dokar hana cin zarafin mutane, wadda ake kira VAPP. A Abuja, wanda ya doki matarsa, ko wadda ta doki mijinta, na iya shan ɗaurin da ya kai shekara 3, ko tarar da ta kai N200,000, ko duka biyun. Kotu kuma na iya ba da umurnin kariya da zai hana mai dukan kusantar wadda ya cuta. Hukumar NAPTIP ke kula da dokar a Abuja. Jihar Legas tana da tata dokar tun 2007. A mazhabar Malikiyya kuwa, alƙali na da ikon raba aure in cutarwa ta tabbata, ba tare da matar ta mayar da sadaki ba.

Saura namu. In 'yar'uwarka ta kawo kuka, kada ka ce "me kika yi masa?" In ta fita ta koma, kada ka yi fushi ka rufe mata ƙofa, domin abin da mai dukan ke so ke nan, ta rasa kowa sai shi. A taimake ta ta ajiye ɗan kuɗi da takardunta wurin amintacce, ta je asibiti a rubuta raunin, ta san gidan da za ta ƙwanƙwasa ko da tsakar dare. Kada kuma ta sanar da shi ranar tafiya.

Sarakunan Hausawa na Kurmi da limamanmu, ku ne iyayen waɗannan mata a baƙon wuri. In an kawo muku ƙara, ku saurari matar ita kaɗai kafin ku kira mijin, kuma kada ku mai da ta ɗakin da aka yi barazanar kashe ta. Aure ana sake shi, rai kuwa ɗaya ne. Allah Ya kiyaye mana zuri'a, amin.