Daga bagade zuwa murhu: Kiristocin Jega, Aliero da Maiyama da batun kula da muhalli

Duk wanda ya bi hanyar Jega zuwa Maiyama da rani ba zai rasa ganin tarin itace da buhunan gawayi a bakin titi ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, darajar Naira kuma ta faɗi, kuɗin iskar gas ya fi ƙarfin gidaje da yawa, har waɗanda suka fara sabawa da tukunyar gas suka jingine ta suka koma murhu. A cikin masu tsayawa sayen wannan gawayi akwai iyalai Kiristoci, waɗanda ake karanta musu a coci cewa duniya amanar Allah ce a hannun ɗan Adam. Ran Lahadi a ji wa'azin amana, ran Litinin a sayi itacen da ba a san inda aka saro shi ba. Wannan tsaka mai wuya ita ce ainihin batun.

Kiristoci 'yan tsiraru ne a waɗannan ƙananan hukumomi uku na masarautar Gwandu. Cibiyar Kiristancin Jihar Kebbi tana can kudu, a ƙasar Zuru da kewayenta. A nan kuwa akasarinsu aiki, karatu ko kasuwanci ne ya kawo su: ɗalibai da malaman jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar da ke Aliero, masu karatun aikin lafiya a Jega, jami'an tsaro, da 'yan kasuwa. Da yawa a gidan haya suke zaune, ba su da gona. Wannan ya sa wa'azin "ku shuka bishiya" da ake yawan ji ba ya yi musu amfani sosai, domin mai haya ba shi da tabbacin zai sha inuwar abin da ya shuka.

A fagen koyarwa, Littafi Mai Tsarki bai yi shiru a kan lamarin ba. Sura ta 2 ta Littafin Farawa ta nuna cewa aikin farko da aka ba mutum shi ne noman gonar Aidan da kiyaye ta. Sura ta 25 ta Littafin Firistoci ta umarci a bar ƙasa ta huta a kowace shekara ta bakwai. Dokar Musa ta hana sare itatuwa masu 'ya'ya ko da a lokacin yaƙi, kuma a Linjilar Yahaya, bayan Yesu ya ciyar da mutum dubu biyar, ya sa almajiransa tattara ragowar abincin don kada ya lalace.

Amma akwai wata aya a sura ta farko ta Farawa da ta ba mutum mulki a kan sauran halittu, kuma a kanta aka daɗe ana jayayya. A 1967 wani masanin tarihi ɗan Amurka, Lynn White, ya rubuta maƙalar da ta ɗora wa Kiristancin Turawa babban kaso na laifin lalacewar muhalli, yana cewa an ɗauki wannan mulki a matsayin izinin cin karen ba babbaka. Martanin da ya fi shahara ya zo a 2015, a wasiƙar Laudato Si' ta marigayi Fafaroma Francis, wadda ta fassara mulkin a matsayin riƙon amana, ta kuma jaddada cewa talaka ne ke fara shan wuya idan ƙasa ta lalace. Manomin shinkafar Kebbi da ambaliyar 2020 ta shafe masa gona ba ya buƙatar a fassara masa wannan magana.

Misalin da ya fi kusa da mutanen Kebbi, a ƙasa da kuma a harshe, yana Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. A farkon shekarun 1980, wani masanin aikin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo yana aiki a can ƙarƙashin mishan ɗin SIM, wato ƙungiyar da ta haifi cocin ECWA a Najeriya. Aikinsa shi ne raba dashen itatuwa, amma mafi yawan dashen mutuwa yake yi saboda fari, iska, gara da awaki. Shi da kansa ya sha ba da labarin cewa a 1983, bayan ya kusa fid da rai har ya yi addu'ar neman mafita, sai ya lura cewa 'yan ƙananan tsirran da ke warwatse a gonaki toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare, saiwoyinsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Maimakon a yi sabon dashe, sai manomi ya zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a kowane kututture, ya datse sauran, ya kare su. A yankin ana kiran dabarar da suna sassaben zamani.

Sakamakon ya wuce abin da kowa ya zata. An ƙiyasta cewa itatuwa kusan miliyan 200 sun farfaɗo a kan hekta kusan miliyan 5 a Nijar, irin su gawo, kalgo, sabara da aduwa. A 2018 Rinaudo ya samu lambar yabo ta Right Livelihood, a shekara ɗaya da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso.

Akwai abu biyu a labarin da masu wa'azi kan tsallake. Na farko, manoman da suka yi wannan aiki kusan duk Musulmi ne. Bangaskiya ce ta zaunar da Rinaudo a Maraɗi, amma manomi ya bar gawo a gonarsa ne domin ya ga amfaninsa: yana zubar da ganye da damina ya taki ƙasa, ba ya tare wa gero rana, da rani kuma 'ya'yansa abincin dabbobi ne. Na biyu shi ne mallaka. A da, a dokar gandun daji ta Nijar, itace na gwamnati ne, kuma ana iya cin tarar manomi idan ya datse reshe a gonarsa. Lokacin yunwar 1984 an bai wa manoma abinci don su bar itatuwa, amma da tallafin ya ƙare da yawansu suka sare. Dabarar ta kafu sosai ne bayan jami'an gandun daji sun sassauta, manomi ya tabbata abin da ya raina nasa ne. A nawa ganin, wannan shi ne darasin da ya fi nauyi, ga coci da gwamnati baki ɗaya.

To, me ya rage wa iyalin da ba shi da gona? Abin da ke hannunsa yana cikin tsakar gida. Murhun da aka kewaye da laka ya fi na duwatsu uku tattalin itace, kuma yana rage hayaƙi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida ya hallaka mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020, kuma mata da yara ne suka fi zama kusa da wuta. Akwai ajiyar wake: mutane da yawa na zuba masa maganin ƙwari mai guba, irin wanda ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015, alhali buhun nan mai ninki uku da ake kira PICS yana kashe ƙwari ta hanyar toshe iska, ba tare da ɗigon magani ba. Sai kuma jarkar maganin feshi da ake wankewa a zuba ruwan sha ko man gyaɗa, abin da ya kamata a daina ko da ba a kawo ayar ko ɗaya ba.

Leda ma tana da nata. A bikin aure, taron zumuntar mata ko bikin godiyar kaka, ledar ruwa da robar abinci ne ke cika harabar coci, kamar yadda suke cika filin kowane taro a garin. Daga nan iska ta kwashe su zuwa kwata, kwata ta toshe, ruwan sama ya rasa hanya, abin da ya tsira kuma ya gangara Gulbin Zamfara da ke ratsa Jega. Coci na da wata dama da gidan haya ba shi da ita: tana da fili nata, tana da ƙungiyar mata da ta matasa masu haɗuwa kowane mako. A filin coci ne bishiyar da mai haya ya kasa shukawa za ta samu mai ban ruwa.

Sai dai kada a ɗora wa uwar gida nauyin da ba nata ba. Matar da ta tattara shararta tsaf amma babu inda za ta kai, ƙarshenta ƙonawa za ta yi ko ta zuba a kwata. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya sanya kwashe shara cikin ayyukan ƙaramar hukuma, kuma a ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Kebbi na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Katangar Itatuwa ta Afirka ya shafa, tana kuma cikin shirin ACReSAL na dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya samar wa jihohin Arewa 19 da Abuja. Matashin Jega, Aliero ko Maiyama, Kirista ne ko Musulmi, yana da hurumin tambayar kansilansa da shugaban ƙaramar hukumarsa nawa aka ware wa kwashe shara a kasafin bana, ina ne jujin da hukuma ta amince da shi, kuma dashe nawa daga cikin na bara ne ya kai wannan damina da rai.