Ko Kun Sani? Danna Enter Ɗaya, Sakamako Uku

Ko kun san cewa tsawon shekaru, idan mutum ya danna Enter a akwatin rubutu na shafin intanet, abin da ake rubutawa a ɓoye ya danganta ne da burauzar da ke gabansa? A wancan lokacin Internet Explorer kan buɗe sabon sakin layi da alamar p, Chrome da Safari su saka div, Firefox kuwa ta sa br, wato ta sauko layi kawai. A idon mai rubutu duk ɗaya ne. Sai abokin aiki ya buɗe rubutun a wani wuri, ya tarar tazarar layuka ta yi faɗi, ko sakin layi biyu sun manne da juna, alhali babu wanda ya taɓa ko harafi ɗaya. Firefox ba ta bi sahun Chrome ba sai a 2018, da fitowar Firefox 60.

Tushen matsalar shi ne contenteditable, dabarar da ke ba ka damar yin rubutu kai tsaye a cikin shafi. Kamfanin Microsoft ne ya fito da ita a Internet Explorer 5.5 a shekarar 2000, sauran suka kwaikwaya kowa da salonsa, tun kafin a tsara mata ƙa'ida. Liƙa rubutu daga Word kuwa yakan ƙara dagula lamarin, don yana jawo tarkacen tsari a ɓoye. A Windows, Ctrl+Shift+V kan liƙa kalmomin zalla a Chrome da Firefox.