Zuwa Paris Ba Sai An Ci Bashi Ba

In hutu ya matso, 'yan Landan kowa sai zancen Paris. To amma fa aljihun ɗalibi ba ya son wasa, sai da lissafi.

Tikiti ne ya fi cin kuɗi. Jirgin ƙasa na Eurostar daga St Pancras zuwa Gare du Nord bai kai awa 3 ba, sai dai wanda ya bari sai ana gobe tafiya zai sha tsada. Bas daga Victoria ta fi arha, in za ka jure doguwar hanya.

A kula: Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai a 2020, saboda haka shiga Louvre kyauta da ake yi wa 'yan shekara 18 zuwa 25 ban da mazauna Ingila. Petit Palais kuwa kyauta ne, in ba nuni na musamman ba. Abincin halal mai sauƙin kuɗi, nufi Barbès ko Château Rouge. Ruwan famfo a gidan abinci ba a biya, ka dai tambaya.

Sai uwa uba, tsaraba. Mama, Goggo, ƙanne, kowa ya zuba ido. Rubuta sunayensu tun a gida, ka ware kuɗinsu daban, kada kuɗin masauki ya tafi a turare da gyale.