Tasirin Abinci da Abin Sha Ga Lafiyar Hanta

Abin da wannan takarda za ta duba shi ne yadda ci da sha suke taɓa hanta. Ita dai hanta, wadda nauyinta a jikin baligi ya kai wajen kilo ɗaya da rabi, ita ce mashigar mafi yawan abin da hanji ya tsotsa, domin jinin da ya ɗebo abinci sai ya ratsa ta kafin ya bazu cikin jiki. Ke nan in guba ta biyo abinci, hanta ce take fara karo da ita.

Maganar barasa sananniya ce, saboda haka ba za mu daɗe a kanta ba. Hanta tana juya barasa zuwa wani sinadari mai suna asitaldihaid, wanda yake lalata ƙwayoyinta. Da farko kitse ne yake taruwa, sa'an nan kumburi, daga bisani tabo ya maye gurbin nama, hantar ta ƙanƙance ta yi tauri. Matakin kitse yakan warware in an daina sha, amma tabon da ya kafu da wuya ya gushe. Burukutu da giyar kwalba duk ɗaya ne a nan, yawan barasar da tsawon shekarun sha su ne abin lura.

A ganina, abin da ya fi shafar ƙasar Hausa yana cikin rumbu. Gyaɗa da masara, in aka adana su da sauran danshi, sukan yi wata fumfuna mai fitar da gubar da ake kira afalatoksin. An gano ta ne bayan da talo-talo wajen 100,000 suka mutu a Ingila a 1960, sakamakon cin tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Birazil. A 2004 kuwa, masara mai wannan guba ta kashe mutum 125 a Kenya. Sai dai irin wannan mutuwar gaggawa ba ita ce babbar ɓarnar ba. Cin ta kaɗan-kaɗan shekara da shekaru yana haddasa sankarar hanta, kuma dafuwa ko suya ba sa kashe ta. Abin takaici, gyaɗar da aka tsince aka ware domin ta lalace, sau da yawa ita ce takan koma ƙuli-ƙuli mai araha.

Haɗarin yakan ninka ƙwarai ga mai ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B, wadda ta yawaita a Afirka ta Yamma, kuma akasarin masu ita tun suna yara suka kamu. Nijeriya ta shigar da rigakafinta cikin allurar jarirai a 2004, watau yawancin waɗanda aka haifa kafin nan ba su samu ba. Ga irin waɗannan, gwajin jini da busar da amfanin gona sosai kafin a zuba a rumbu sun zama wajibi.

Akwai kuma kitsen hanta ga wanda bai taɓa kurɓar giya ba. Sukarin lemon kwalba, musamman nau'in da ake kira furuktos, hanta ce take sarrafa mafi yawansa, in ya yi yawa ta mai da shi kitse. An fi ganin haka ga masu ƙiba da masu ciwon sukari, kuma rage kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin jiki yakan sauƙaƙa kitsen da kumburin baki ɗaya.