Inda Matacciyar Waya Take Ƙarewa

Shirin na yau ya shafi abin da masana muhalli ke kira sharar laturoni, wato duk wata na'ura mai aiki da wutar lantarki ko batir wadda ta mutu ko mai ita ya gama da ita, kama daga wayar hannu da caja har zuwa talabijin da firji da kwamfuta, tare da tambayar inda ya dace a kai ta. Tambayar tana da nauyi na musamman a ƙaramar hukumar Tarauni, domin a nan kasuwar waya ta Farm Centre take, inda ake sayar da sabuwa, a gyara tsohuwa, a kuma kwance wadda ta gagari gyara. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna cewa duniya ta tara tan miliyan 62 na wannan shara a 2022, kuma kashi 22 cikin ɗari kacal aka tabbatar an tattara an sarrafa yadda ya kamata, a Afirka kuwa adadin bai kai kashi 1 ba.

Maganin da ƙasashe da yawa suka runguma shi ne cibiyar ajiya, wato wuri sananne a unguwa ko a kanti inda mutum zai kai mataccen kayansa ya ajiye, daga nan a kwashe zuwa masana'antar da ke raba amfani da guba. Japan ta nuna iyakar abin da wannan tsari zai iya, domin daga 2017 zuwa 2019 an girke akwatuna a ofisoshi da shaguna, jama'a suka zuba wayoyi fiye da miliyan 6 tare da wasu ƙananan na'urori, aka tace zinare kimanin kilo 32 da azurfa kilo 3,500 da tagulla kilo 2,200, waɗanda da su aka ƙera lambobin yabo kusan 5,000 na gasar Olamfik da ta nakasassu ta Tokyo. Abin lura shi ne kyauta mutanen suka bayar.

A Kano kuwa ba a zubar da abin da ke da kuɗi a jikinsa, kuma wannan ba aibi ba ne, shi ne ma ƙarfin garin. Wayar da ta mutu a Gyadi-Gyadi takan fara zuwa teburin mai gyara, wanda zai buɗe ta da ɗan sukundireba, ya cire sikirin idan bai fashe ba, ya ware sifika da kyamara da bakin caji ya jefa kowanne a gwangwaninsa, domin gobe wani zai zo da irin wayar yana neman ɗayansu. Allon cikin, wanda masu sana'ar ke kira fanel, yana da nasa masu saye saboda ɗan zinaren da aka shafa a mahaɗansa. Manyan kaya kuma rabon 'yan jari bola ne, matasan da ke zaga lunguna da buhu ko kura da ɗan maganaɗisu na gane ƙarfe, su saya a ƙofar gida, su kai wa dillali ya ɗora a sikeli. Ke nan aikin tattarawa, wanda wasu ƙasashe ke kashe maƙudan kuɗi a kansa, a nan yana gudana kullum ba tare da kasafin kowace hukuma ba.

Matsalar tana cikin ragowar da babu mai saye. Wayar wuta tagulla ce a ciki, roba a waje, kuma hanya mafi sauri ta raba su ita ce a tara a cinna wuta, a tsaya ana tonawa da sanda cikin baƙin hayaƙi mai ɗauke da dayoksin, gubar da ke taruwa a jiki tsawon shekaru. Tsohuwar talabijin mai ƙeya tana da dalma da takan haura kilo guda a cikin gilashinta, wanda ake fasawa a bar shi a bola, tsofaffin sikirin masu faɗi suna da fitilu masu zaiba, batirin sola da na inbata kuwa dalma ce da ruwan asid, kuma asid ɗin a ƙasa ake tsiyaye shi. Arewa ta san dalma sani mai ɗaci, tun 2010 da ta hallaka yara aƙalla 400 a ƙauyukan Zamfara masu niƙa dutsen zinare, kuma likitoci sun tabbatar cewa ko kaɗan ce tana dakushe ƙwaƙwalwar yaro, illar da ba ta warkewa. Ragowar, ita ce ke buƙatar cibiya.

Dokokin da Najeriya ke taƙama da su a wannan fanni sun samo asali ne daga wani abin kunya da ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Tsakanin 1987 da 1988 wasu 'yan kasuwar Italiya suka yi jigilar dubban durom na sharar masana'antu mai guba, fiye da tan 3,500, zuwa Koko, wani ƙaramin gari mai tashar jiragen ruwa a tsohuwar jihar Bendel, wadda ɓangarenta ya zama Delta a yau, suka jibge su a filin wani magidanci da suke biya kimanin dala 100 a wata. Ba jami'an tashar ne suka tona asirin ba, ɗaliban Najeriya da ke karatu a Italiya ne suka ga labarin a jaridun can suka aiko da shi gida. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta janye jakadanta daga Rum, ta tsare wani jirgin ruwan Italiya a Legas, har aka tilasta kwashe kayan, ma'aikatan da suka yi lodin kuma wasunsu suka ƙone da sinadarin. Ɗaya daga cikin jiragen da suka ɗauki sharar, mai suna Karin B, ya yi ta gararamba a tekun Turai, wannan tasha ta kore shi waccan ta kore shi, har da ta Ingila, kafin ya koma inda kayan suka fito. Abin da Turawa suka ƙi ya ko matso gaɓarsu, shi aka ajiye a bayan gidan talaka a kan dala 100. A 1988 aka kafa Doka ta 42, mai tanadin ɗaurin rai da rai ga mai shigo da shara mai guba, sannan Yarjejeniyar Basel kan jigilar irin wannan shara tsakanin ƙasashe ta biyo baya a 1989, ta Bamako a 1991.

Yau gubar ba a durom take zuwa ba, da sunan kayan gwanjo take shigowa, domin binciken da aka yi a tashoshin Legas a 2015 da 2016 ya gano ana shigo da kimanin tan 60,000 na tsofaffin kayan laturoni a shekara, akasarinsu cushe cikin tsofaffin motoci, kuma kusan rubu'insu matattu ne tun daga can. Hukumar kula da dokokin muhalli ta NESREA, wadda aka kafa a 2007, ta fitar da ƙa'idojin fannin a 2011 ta sabunta su a 2022, bisa manufar cewa wanda ya ƙera kaya ko ya shigo da shi shi zai ɗauki nauyin gawarsa, kuma ƙungiyar EPRON da aka kafa a 2018 ita ke karɓar kuɗin daga kamfanoni. A takarda tsarin ya yi kyau, sai dai gwajinsa da aka ƙaddamar a 2019 a Legas ya tare, inda masana'antun sarrafawa irin su Hinckley da E-Terra suke, tafiyar kusan kilomita 1,000 daga Tarauni.

Saboda haka cibiyar da za ta yi aiki a nan dole ta biya, kuma ta biya ɗan jari bola a kan wayar wuta da robarta fiye da abin da zai samu in ya ƙona, ta sayi gilashin da batirin da kowa ke gudu, in ba haka ba akwatinta zai cika da ledar fiya wata. Wurin da ya fi dacewa da ita shi ne bakin Farm Centre, inda kayan suke taruwa da kansu, kasuwar da gobarar ranar Babbar Sallah ta watan Yunin 2025 ta nuna irin asarar da wuta ke yi a cikinta. Lokaci ya ƙure, amma ya kamata masu sauraro su san cewa batirin waya da ya kumbura yana iya kamawa da wuta in aka huda shi ko aka bar shi a rana, don haka a ware shi a gwangwani mai yashi, kuma kafin waya ta bar hannun mai ita a cire layi da memori, a goge abin da ke ciki.