Shawara Kafin Sa Hannu: Rabon Manoman Citta a Yarjejeniyar Cinikin Afirka

Shekara talatin bayan rushe shugabancin Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa, wato NLC, sai ga ƙungiyar ta taka wa gwamnati birki kan wata babbar harka ta ƙasashen waje. A watan Maris na 2018, ƙasashe 44 suka sa hannu a Kigali kan yarjejeniyar ciniki ba shinge ta nahiyar Afirka, amma Nijeriya ta janye. Shugaba Muhammadu Buhari ya fasa halartar taron, yana mai cewa sai an ƙara tuntuɓar masu ruwa da tsaki. NLC a ƙarƙashin Ayuba Wabba, da ƙungiyar masu masana'antu, sun nuna fargabar kayayyakin waje masu araha za su durƙusar da kamfanonin gida.

Wannan fargaba tana da tushe a Jihar Kaduna, inda masaƙun da suka ɗauki dubban ma'aikata suka rufe ɗaya bayan ɗaya, masaƙar UNTL ma a 2007.

Idan dai za a iya tunawa, a 1985 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta buɗe muhawara kan karɓar rancen Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Ma'aikata da ɗalibai suka ƙi, aka fasa rancen, amma a 1986 aka shigo da shirin SAP mai ɗauke da yawancin sharuɗɗan asusun: karya darajar naira da rushe hukumomin sayen amfanin gona. Da NLC ta ci gaba da adawa, aka rushe shugabanninta a 1988.

Tuntuɓar 2018 ta sha bamban, domin an yi ta kafin sa hannu. An zagaya shiyyoyin ƙasar nan shida, aka kafa kwamitin nazari, sannan Nijeriya ta sa hannu a Yamai ranar 7 ga Yuli, 2019. Yarjejeniyar ta tanadi janye harajin kwastan a kan kashi 90 cikin ɗari na kayayyaki sannu a hankali.

Sai dai buƙatar ma'aikacin masana'anta daban take da ta manomin citta. Na farko kariya yake nema, na biyu kuwa kasuwa. Daga Kachia, Kwoi da Kagarko ake samun mafi yawan cittar Nijeriya, kuma busasshiya ake fitar da ita zuwa Asiya, Turai da Gabas ta Tsakiya, ribar sarrafawa ta tafi wa wasu. Kafanchan, wadda ta zama mahaɗar layin dogo tun 1927, a yau da manyan motoci take tura kaya zuwa tashar jiragen ruwa, da tsadar da ke tattare da hakan. Cutar da ta lalata gonakin citta a 2023 ta ƙara tsananta lamarin.

Saboda haka, ya kamata ƙungiyoyin manoma da dillalan citta na kudancin Kaduna su shirya buƙatunsu a rubuce: ingantaccen iri, wuraren gwajin inganci, da gyaran layin dogo. Ba a aske wa mutum kai a bayan idonsa, kuma har yanzu ana tattauna yadda za a aiwatar da yarjejeniyar.